Sawun Da Ya Fita Bai Dawo Ba

Ku yi mini afuwa tun kafin ku fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, shi ma a lungu nake yi. A unguwarmu akwai waɗanda suka fi ni alƙalami nesa ba kusa ba, idan wannan ya faɗa hannunsu ina roƙo su yi gyaran a hankali. Abin ne ya tsaya mini a rai, kuma idan na ce zan faɗa da baki muryata rawa take yi.

Ranar Talata ce, bayan la'asar, ruwan da aka tafka da azahar bai gama tsanewa ba, ihun Gulcehra ya tashe unguwar masu tanderu ta birnin Kokand. Maƙwabcinta Domla Eshmat, wato Malam Eshmat, ta gani ta taga, kwance a ɗakin littattafansa, kansa a jikin murhun ƙarfe, babu rai.

Domla tsoho ne mai kaifin harshe. Rayuwarsa duk a fassara littattafan binciken kisa ta ƙare, kuma duk Alhamis masu son karatu na unguwa sukan taru a gidansa, a sha shayi, kowa ya karanta abin da ya rubuta, shi kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tatas. Kafin a kira magariba mutanen da suka cika lungun sun riga sun yanke hukunci.

"Sanjar ne mana. Wa ye bai ji su ba ranar Alhamis?"

Sanjar mai gasa gurasa ne, ƙato mai taushin zuciya, wanda ya ɗora wa kansa rubuta littafin kisa. Alhamis ɗin da ta wuce ya karanta babin da wani mai tanderu ya kashe wani tsohon mai fassara. Domla ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wannan mai kisan naka, ko kaza aka ba shi ya yanka a ɓoye sai unguwa ta ji." Aka kwashe da dariya. Sanjar ya miƙe fuska ja, ya ce, "Wata rana za ka gani!" ya buga ƙofa ya fita. Abin da kowa ya tuna ke nan, kuma da shi Dilshod ɗan sandan unguwa ya je bakin tanderu ya tafi da Sanjar, hannunsa duk gari.

*

Mastura-hola, wato Inna Mastura, ba ta cikin masu yanke hukunci. Tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, bayanta ya lanƙwashe saboda jera littattafai a kantar ƙasa, shi ya sa kullum idonta yana kan hanya. Tun tana aiki ake kiranta mai bin sawu, don idan ka ari littafi ka ƙi mayarwa, ko ƙauyen kakanninka ka kai shi za ta bi ka. Ita ta koya wa Sanjar karatu a kan benci, lokacin yana zuwa da majina a hanci.

Dilshod ya tare ƙofar gidan Domla da jikinsa. Ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta wuce.

"Hola, don Allah! Wannan fa ba littafi ba ne."

"Kai da ka riƙe mini littafin 'yan fashin teku har ka yi gashin baki, kai ne za ka koya mini abin da ba littafi ba? Matsa, kana tare mini haske."

An riga an ɗauke gawar. A kan ɗan gajeren teburin akwai buta da kofuna biyu. Na wajen zaman Domla da ɗan guntun shayi a gindinsa. Ɗayan kuwa cike yake taf har baki, ya huce, ba a ko taɓa shi ba.

"Dilshodjon, uwarka ta taɓa cika wa baƙo kofi haka?"

"Allah ya kiyaye. Ai kora ce." Ya ɗaga kafaɗa. "To, Sanjar ɗin ya kora mana. Ba faɗa suka yi ba?"

Mastura ta fito tsakar gida a sunkuye kamar mai neman allura. A bakin ƙofar ɗakin akwai takalman roba baƙaƙe, irin waɗanda duk dattawa ke zurawa a kan huffi. Daga nan wani sawu ya ratsa taɓo ya nufi ƙofar gida, tako mai faɗi na mai sauri, kuma a dunduniyar hagu akwai wani zagayayyen tambari. Mastura ta san tambarin nan kamar yadda ta san hannunta. Facin da ke takalmin Domla ne, wata da watanni tana ganinsa a lungu.

"Sawun Domla ne," in ji Dilshod. "Ni ma na gane shi."

"Na ga inda ya fita. Nuna mini inda ya dawo."

Ya duba, ya sake dubawa. Babu.

"Mutum ya fita bayan ruwa, bai dawo ba, kuma ga shi kwance a ɗaki?" Ta sa sandarta ta kifa takalman bakin ƙofa. Gindinsu sumul, babu faci ko ɗaya.

Dilshod ya sosa ƙeya. "Faci yakan ɓalle, hola. Ko kuma ya sayi sababbi. Dattawan unguwar nan kaf irin wannan suke sawa, so kike in bi su ina ɗaga musu ƙafa kamar dawaki? Shugabana ya ce da an yi sadakar uku in kai Sanjar babban ofis. Idan ya shiga can kuma, ba ni da ta cewa."

Mastura ta bi sawun har bakin titi, inda kwalta ta haɗiye shi.

*

Washegari ta tarar da Sanjar a ɗan ɗakin 'yan sanda, zaune a kan benci, idanu sun kumbura. Ta miƙa masa ƙullin abincin da uwarsa ta aiko.

"Ci. Uwarka ta ce in ka rame ni za ta kama."

"Hola, wallahi ba ni ba ne."

"Na sani. Na ji babin naka ai. Wanda ya rubuta wannan ba zai iya kashe kowa ba."

Ya yi dariya da hawaye tare. "Haka shi ma ya ce."

"Yaushe?"

"Jiya da safe, da na kai masa gurasa. Na ba shi haƙuri, ya ce ba ya son haƙuri, gyara yake so. Ya zaunar da ni ya zage ni tas. Wai gawa ba ta magana a shafi na biyu."

"Ya ba ka shayi?"

"Kamar kullum. Ɗan ɗigo a gindin kofi, ina shanyewa ya ƙara, ina shanyewa ya ƙara. Sai da na ce gurasata za ta ƙone sannan ya sake ni." Sai fuskarsa ta yamutse. "Ya ce babi na uku ba laifi. Bai taɓa ce mini ba laifi ba, hola."

Ta dafa kansa kamar yadda take yi yana yaro. Ta leƙa ƙafarsa, silifas ne, duk ƙunar tanderu.

*

Akwai wani sawun da ta gani a tsakar gidan Domla ba ta nuna wa Dilshod ba. Ƙaramin sawu ne na mace, daga tsagar katanga zuwa tagar baya, kuma ciyawar wurin ta mutu, alamar ƙafa ta daɗe tana bi. Unguwa duk ta san Gulcehra da Domla ba sa ga maciji, saboda kurangar inabinsa da ke tsallake katanga tana zubar mata da ganye. Har cewa ta taɓa yi sai ta ga bayansa.

Mastura ta same ta tana yanka albasa, ko da yake idanun sun fi ƙarfin albasa.

"Gulcehra, me ya kai ki tagarsa?"

"Maganar inabi na je yi."

"Ta tagar baya? Kullum? Ƙanwata, ciyawa ba ta mutuwa da zuwa ɗaya."

Gulcehra ta ajiye wuƙar da ƙarfi. "To, a kama ni! Ni na kashe tsohon banza!" Sai ta rufe fuska da gefen ɗankwali. Da ƙyar maganar ta fito. Tun rasuwar matar Domla, Oyposha, kullum da yamma takan ajiye masa farantin samsa, wato gasasshen ƙulli mai nama a ciki, a taga. Faɗan inabin kuwa don bakin mutane ne, kada a ce bazawara tana yi wa gwauro girki. "Shi ma ya iya. Yana zagina ta katanga yana lashe yatsa."

"Jiya fa?"

"Na fara zuwa ruwa yana ɗaukewa, na hango takalma ƙafa huɗu a bakin ƙofa, na ce yana da baƙo, na koma. Da na dawo saura biyu. Sai na leƙa."

"Irin ɗaya ne takalman?"

"Duk baƙaƙen roba."

"Ya sayi sababbi kwanan nan?"

"Shi? Wannan marowacin? Ni na saci na hagun na kai wa mai facin keke, don na gaji da ganin huffinsa a jiƙe. Ya ce da su za a binne shi."

Mastura ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yanka mata albasar. "Ba wanda zai ji daga bakina," in ji ta. "Amma samsarki gishiri ya yi mata yawa, shi ya faɗa mini."

"Ƙarya yake yi!" in ji Gulcehra, ta fashe da kuka sosai.

*

Hoshim mai gidan shayi ba ya buƙatar a tambaye shi abu sau biyu, sau ɗaya ma ya yi yawa.

"Opa, yayarmu, zauna, zauna. Domla? Allah ya jiƙansa, bakinsa ne kawai. Kowa ya zaga, amma in ya karɓi buta, kai ka ce uwa ce ke shayar da jariri."

"Bai taɓa cika wa kowa kofi ba?"

Hoshim ya tsaya da goge faranti. "Kin tuna mini. Makon jiya, a kan gadon zaman can. Ana maganar bikin cikar Nurmat-aka, babban wanmu, shekara saba'in, shugaban makaranta yana cewa za a sassaƙa waƙar rumman a dutse a ƙofar makaranta, da sunansa a ƙasa. Domla yana zuba shayi, sai ya cika wa Nurmat-aka kofi har ya zuba a tabarma. Muka ce hannu ne ya fara rawa, tsufa. Nurmat-aka ma dariya ya yi ya shanye. Abokai ne tun suna yawo ba wando, wa zai kawo wani abu?"

Mastura ta riƙe kofinta ba ta sha ba. Nurmat mawaƙin unguwa ne, kuma waƙar rumman ita ce ta yi masa suna, babu yaron da ya gama firamare bai haddace ta ba. Ita kanta ta sha karanta wa yara. Mutum ne mai fara'a, shi ya ɗauki makarar mijinta a gaba. Sai yanzu ta tuna cewa duk taron da aka rera waƙar nan, Domla yakan sunkuyar da kai yana gyara hula har a gama tafi.

"Ina Nurmat ɗin?"

"Yana gida. Tun da aka dawo daga maƙabarta bai fito ba, wai baƙin ciki ya kwantar da shi. Amma gobe zai zo sadaka, ya rubuta wa marigayi waƙar ta'aziyya."

Ta biya ta tashi. A hanya ta yi ta roƙon Allah ya sa ta yi kuskure.

*

Ranar sadaka aka dafa shinkafa a babbar tukunya, aka yi addu'a, jama'a suka watse. Mastura ta tsayar da 'yan taron Alhamis, ta ce a sha shayi na ƙarshe a ɗakin littattafan. Ta sa Dilshod ya kawo Sanjar. Hoshim ya shigo da butarsa, Gulcehra ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa ita kwanonta kawai ta zo ɗauka.

Mastura ce ta shigo a ƙarshe. Ta ɗan daɗe a waje wajen takalma, mutane suka ɗauka bayanta ne ke ciwo.

Nurmat ya karanta waƙarsa, wasu suka share hawaye. Sannan Mastura ta karɓi buta. Ta zuba ta mayar sau uku yadda aka saba. Ta ɗiga wa Hoshim, ta ɗiga wa Dilshod, ta ɗiga wa Sanjar. Da ta zo kan Nurmat sai ta ci gaba da zubawa, shayin yana hawa, yana hawa, har ya tsaya cif da bakin kofi. Ta tura masa da hannu biyu.

Kowa ya zuba wa kofin ido.

"Mastura-opa," in ji Hoshim a hankali, "hannunki ne?"

"Hannuna lafiya lau. Na Domla ma lafiyarsa ƙalau."

Nurmat ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Wasa ne wannan, 'yar'uwa? A gidan makoki?"

"Na gidan shayi ka shanye, Nurmat. Na ranar Talata ne ka bari ya huce." Ta juya. "Dilshodjon, ba sai ka ɗaga ƙafar kowa ba. Takalman da ke kusa da tulu, ɗauko na hagun."

Dilshod ya fita ya dawo da shi a kife. Ga facin nan, zagayayye, na robar keke.

"Na Domla ne!" in ji Gulcehra daga ƙofa. "Ni na..." Ta kama bakinta.

"Wa ya zo da su?" in ji Dilshod. Idanu suka koma kan Nurmat, don kowa ya ga shi ne ya cire su.

Nurmat ya daɗe yana kallon takalmin. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Kwana uku ina jin ƙafar nan ta yi mini sako-sako," in ji shi. "Na ɗauka ramewa na yi."

Sai ya faɗa, ba tare da an tambaye shi ba. Waƙar rumman ba tasa ba ce, Oyposha matar Domla ce ta yi ta tana amarya. Tana jin kunyar a ga sunanta a jarida, ta ba shi ya kai ba suna. A hanya ya sa nasa. Da ta fito aka yi ta yabonsa, ita kuwa ta hana mijinta magana, ta ce a bar shi, yana da ƙananan yara.

"Eshmat ya riƙe alkawarinta har bayan ranta. Amma ya ce takarda daban, dutse daban. Ya ce in faɗa da bakina ranar biki, ko shi ya faɗa. Na zo roƙonsa. Na durƙusa masa, ni da furfurata. Bai ce komai ba, sai ya cika mini kofi. Ya tashi zai buɗe mini ƙofa, na kama rigarsa, ya fizge, na ture shi." Ya dubi tafin hannunsa. "Turawa ɗaya."

"Yana numfashi da ka fita?" in ji Mastura.

"Ban tsaya na duba ba."

Gulcehra ta yi wani ƙaramin sauti ta juya baya.

"Yaron nan fa?" Mastura ta nuna Sanjar. "Da yau da yamma an tafi da shi."

"Kullum ina cewa gobe zan je in kai kaina," in ji Nurmat. Ya ɗago ya dubi Sanjar, ya kasa, ya mayar da kai ƙasa. "Ku gaya wa shugaban makaranta, Oyposha ake rubutawa. Oyposha 'yar Mirsaid."

Dilshod ya taimaka masa ya miƙe. A bakin ƙofa aka tsaya cirko-cirko, don takalmin hagu yana hannun ɗan sanda, tsakar gida kuma duk taɓo. Nurmat ya tsaya da huffi yana neman inda zai taka. Sanjar ya daɗe yana kallonsa, yana huci kamar tanderu. Sannan ya zare silifas ɗinsa ya tura masa da ƙafa.

"Sa, aka. Ƙasa da sanyi." Ya goge hanci. "Amma ka dawo mini da su, su ke nan gare ni."

Mastura ta ɗauki cikakken kofin ta kai gindin kurangar inabi ta zubar. Ta zauna a kan dakali, bayanta yana ciwo da gaske yanzu. Gulcehra ta zo ta zauna kusa da ita, suna jin uwar Sanjar tana guɗa da kuka a lungu.

"Wa zai yi wa kurangar nan aski yanzu?" in ji Gulcehra.

"Ke mana. Ba ke take zubar wa ganye ba?"

"Zan bar ta," in ji Gulcehra. "Ta zuba."

Iyakar abin da na sani ke nan. Yau Alhamis, taron ya koma gidan Mastura-hola, Sanjar yana tsaye yana karanta babi na huɗu, Hoshim yana gardama wai guba ba ta aiki da sauri haka. Kowa ya juya wajensu. Zan tura takardun nan ƙarƙashin farantin gurasa in sulale, takalmana suna kusa da ƙofa.